Injin Zuƙar Miki Bayan Tiyatar Cire Ƙari: Abin da Na Koya a Bakin Gadon Baffana

Gabatarwa

Da yawa daga cikinmu da ke karatun Hausa a nan Kudu mun taɓa zama tafintan dole. Da zarar an san kana nazarin harshe a jami'a, to ranar da aka kwantar da wani ɗan'uwa ko maƙwabci a asibiti, kai za a kira ka tsaya tsakaninsa da likita. Abin da ya faru da ni ke nan a hutun bara, lokacin da baffana ya taso daga ƙauyenmu ya sauka wajen mahaifina a Sabo, yana fama da wani ƙari a cinyarsa ta dama. Baffa ba ya jin Turanci ko Yarbanci, likitocinsa kuma ba sa jin Hausa. Na yi kusan wata biyu ina kai da kawowa da magana a tsakaninsu.

A cikin wannan zama ne na ga wani ƙaramin inji da ake jona wa miki bayan tiyata, yana zuƙar iska da ruwa dare da rana. A wannan rubutu zan yi bayanin irin ƙarin da ake magana a kansa, da dalilin da ya sa mikinsa ke da wuyar warkewa, da yadda injin yake aiki, da abin da ba zai iya yi ba. Daga ƙarshe kuma zan faɗi kuskuren da na tafka a wajen fassara, wanda saura ƙiris ya sa Baffa ya bar magani a tsakiya.

Wane Irin Ƙari Ake Nufi?

Idan likitoci suka ce sassan jiki masu taushi, suna nufin tsoka da kitse da jijiyoyi da hanyoyin jini da tantanin da ke ɗaure su wuri guda, wato duk abin da ke tsakanin fata da ƙashi. Galibin kulluttan da ke fitowa a waɗannan sassa ba na ciwon daji ba ne. Wanda aka fi gani shi ne kullutun kitse, wanda ake kira lifoma. Yana da laushi, yana motsi a ƙarƙashin fata idan an taɓa shi, kuma mutum kan shekara da shekaru da shi ba tare da ya dame shi ba.

Akwai kuma mugun irin, wanda ake kira sakoma. Shi ciwon daji ne, yana da nau'o'i sama da 50, kodayake duka-duka bai wuce kashi 1 cikin 100 na ciwon dajin da ke kama manya ba. Ya fi son ƙafa, musamman cinya. Alamomin da ke sa likita ya tsargu su ne: kullutu ya wuce santimita 5, wato ya kai kamar ƙwan kaza, ko yana ƙara girma, ko yana can ciki a ƙarƙashin tsoka, ko yana ciwo, ko kuma an taɓa cire shi ya dawo.

Na Baffa ya haɗa kusan dukkan alamomin. Da farko an cire masa shi a wani ƙaramin asibiti a can gida, aka ce kitse ne, ba a aika da abin da aka ciro ɗakin gwaje-gwaje ba. Kafin wata bakwai ya dawo, har ya fi na da. A asibitin koyarwar da muka kai shi, sai da aka ɗauki hoton cinyar da na ƙirji, aka kuma tsakuro ɗan nama da allura aka duba, sannan aka sa ranar tiyata.

Me Ya Sa Mikin Ke da Wuyar Warkewa?

A da, yanke ƙafar gaba ɗaya shi ne maganin da aka fi yi wa mai sakoma. A shekarar 1982 Steven Rosenberg da abokan aikinsa na Cibiyar Binciken Ciwon Daji ta Amurka suka fitar da sakamakon wani bincike da ya nuna cewa waɗanda aka cire wa ƙarin kawai aka bi su da gashi, wato maganin da ake haska wa wurin da na'ura, ba su gaza waɗanda aka yanke wa ƙafa tsawon rai ba. Tun daga nan ceton ƙafa ya zama abin da ake fara nema.

Sai dai ceton ƙafar yana da nasa farashi. Sakoma ba a ɓare ta kamar yadda ake ɓare gyaɗa. Dole likita ya haɗa da lafiyayyen naman da ke kewaye da ita ta kowace fuska, don kada ya bar ɓurɓushi. Wani lokaci tsoka guda ake cirewa, wani lokaci har da fatar da ke samanta. Abin da ke biyo baya shi ne rami. Idan an ja fata an ɗinke a bisa ramin, to ƙasansa kogo ne, ruwa da jini su taru a ciki, ƙwayoyin cuta su sami wurin zama, ɗinki ya ɓalle. Idan kuma fatar ba ta isa ba, miki ne buɗe wanda tafin hannu biyu ba za su rufe shi ba.

Gashi ma yana ƙara wahalar, domin yana raunana ƙananan hanyoyin jini da naman da za su yi aikin warkewa. Wani bincike da aka yi a Kanada, wanda Brian O'Sullivan ya jagoranta aka buga a 2002, ya gano cewa kashi 35 cikin 100 na waɗanda aka yi wa gashi kafin tiyata sun sami babbar matsalar miki, alhali kashi 17 ne a cikin waɗanda aka yi wa bayan tiyata. Idan aka haɗa da ciwon suga ko shan taba ko rashin abinci mai gina jiki, sai lamarin ya daɗa tsanani. Kuma jinkirin warkewa ba ƙaramin abu ba ne, saboda ba a fara gashin bayan tiyata sai miki ya rufe. Duk makon da miki ya ƙara a buɗe, mako ne da aka jinkirta sauran magani.

Yadda Injin Yake

Kayan aikin huɗu ne. Na farko soso ne baƙi mai ƙananan huda, wanda aka kashe wa ƙwayoyin cuta. Likita kan yanka shi daidai da siffar ramin ya cusa a ciki. Na biyu leda ce mai danƙo, garai-garai, da ake mannawa a kan soson har ta hau lafiyayyar fatar da ke gefe, ta yadda iska ba za ta shiga ba. Na uku siririn tiyo ne da ake jonawa ta wata 'yar huda a jikin ledar. Na huɗu shi ne injin kansa, wanda girmansa bai wuce ƙaramar rediyo ba, da wani mazubi a jikinsa inda ruwan ke taruwa.

Ranar da aka fara kunna shi a gabana, na ga soson ya motse nan take, ledar ta lafe, bakin mikin ya matso ciki. Baffa ya dube shi ya ce, "Ashe ƙaho ne na Bature." Ni kam ban sami bayanin da ya fi wannan kusa ba. Wanzami kan kafa ƙaho a jiki, ya zuƙe iskar ciki da baki, ya toshe hudar, sai fata ta taso. Dabarar ɗaya ce: idan iskar ciki ta gaza ta waje ƙarfi, ta wajen za ta danno. Bambancin shi ne ƙaho na 'yan mintoci ne kuma jini ake nema da shi, shi kuwa injin kwanaki yake yi, a kan awo tsayayye, kuma ganin jini a cikinsa alamar hatsari ce.

Ana auna ƙarfin zuƙar da ma'aunin da ake awon hawan jini da shi, wato milimita na zaiba. Iskar da ke kewaye da mu a bakin teku tana da nauyin milimita 760. Injin kan rage 125 daga ciki, kimanin kashi ɗaya bisa shida ke nan, shi ya sa za ka ga an rubuta -125 a fuskarsa. Likita na iya saukar da shi idan majinyaci na jin zafi ko naman ba shi da ƙwari.

Daga Ina Aka Samo Shi?

Likitocin Tarayyar Sobiyet sun yi rubuce-rubuce kan zuƙar miki mai mugunya a shekarun 1980. A 1993 Wilhelm Fleischmann na ƙasar Jamus ya ba da rahoton amfani da soso da zuƙa a kan karayar da ƙashi ya fito waje. Amma waɗanda suka yaɗa dabarar a duniya su ne Louis Argenta, likitan gyaran fata, da Michael Morykwas, masanin injiniyancin lafiya, dukkansu na Jami'ar Wake Forest da ke Amurka. A 1997 suka buga sakamakon gwajin da suka yi a kan aladu da kuma majinyata 300. A gwajin aladun ne suka ba da rahoton cewa gudanar jini a gefen miki ta fi ƙaruwa a kan awo 125, kuma daga nan wannan lamba ta samo asali. Kamfanin KCI ne ya fito da injin kasuwa da sunan V.A.C. a 1995, abin da ya sa har yau za ka ji nas-nas na kiran kowane irinsa da wannan suna. A asibitocin ƙasar nan kuwa, saboda tsadar na kamfani, wasu likitoci kan haɗa nasu da soso da leda da injin tsotso na ɗakin tiyata.

Aikin da Yake Yi wa Miki

Aiki huɗu ake lissafa masa. Na ɗaya, yana janyo gefunan mikin su matso, ramin ya ragu. Na biyu, yana kwashe ruwan da ke tsattsafowa, kumburi ya sabe, jini ya sami hanya. Na uku, zuƙar kan ja naman cikin ƙananan hudojin soson, wannan ɗan ja kuwa shi ke zaburar da ƙwayoyin halitta su hayayyafa, sai ka ga jan nama mai gudaji-gudaji ya tsiro, abin da Bahaushe ke cewa miki ya ciko. Na huɗu, ledar na rufe wurin da danshi da ɗumi, ta kare shi daga ƙura da ƙuda. Maimakon wankin miki sau biyu ko uku a yini, sai a canza soso duk bayan awa 48 zuwa 72.

Bayan cire ƙari, ta hanya uku ake amfani da shi. Ta farko ita ce rufin wucin gadi. Akan aika da abin da aka ciro ɗakin gwaje-gwaje a duba gefunansa ko an bar saura, sakamakon kuwa kan ɗauki kwanaki. Wasu nau'o'in sakoma suna da saiwoyi da ido ba ya gani. Idan aka yi gaggawar rufe wurin da fata ko tsokar da aka ɗebo daga wani sashe, daga baya aka ce akwai saura, to an yi asarar dashen. Don haka sai a sa injin a jira. Ta biyu ita ce ɗaure dashen fata. Idan miki ya ciko, akan yanko siririyar fata daga ɗaya cinyar a shimfiɗa, a ɗora soso a kai na kimanin kwana 5 don ta lafe ta kama. Ta uku ita ce ɗora shi a kan ɗinkin da aka riga aka rufe, na tsawon mako guda, da ƙananan injina irin su Prevena da PICO.

Baffa ya bi ta farko da ta biyu. Sakamakon gwaji ya nuna gefuna sun fita tsaf, aka ci gaba da injin har mikin ya ciko, sannan aka yi masa dashen fata.

Iyakarsa da Haɗurransa

Wannan inji ba maganin kowane miki ba ne. Kamfanonin da ke ƙera shi da kansu sun hana sa shi a inda ciwon daji yake kwance a cikin mikin, saboda abin da ke zaburar da nama mai kyau ya tsiro ana tsoron ya zaburar da mugun. Wannan ne dalilin da ya sa ake sa shi bayan an cire ƙarin, kuma idan gwaji ya nuna saura, komawa ɗakin tiyata ake yi. Haka kuma ba a sa shi a kan mataccen nama, ko ƙashin da ya kamu da cuta ba a yi maganinsa ba, ko kai tsaye a kan babbar hanyar jini.

Babban haɗarinsa zubar jini ne. A 2011 Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Amurka ta sanar da cewa daga 2007 ta karɓi rahoton mutuwar mutum 12 da raunatar 174 masu alaƙa da irin waɗannan injina, kuma zubar jini ce kan gaba a cikin munanan matsalolin. Cinya kuwa a nan babbar hanyar jinin ƙafa ta ratsa. Abin da nas ta sa na maimaita wa Baffa har ya haddace shi ne: idan mazubi ya fara cika da jan jini farat ɗaya, a kashe inji, a danne wurin, a kira ma'aikata. Ruwan da aka saba gani fatsi-fatsi ne kamar ruwan wankin nama.

Akwai kuma dokar awa biyu. Idan inji ya tsaya fiye da awa 2, dole a cire soson a sa bandeji, domin soson da aka rufe da leda ba zuƙa matattarar ƙwayoyin cuta ce. A ƙasar da ake ɗauke wuta ba sallama, kula da cajin batir ya zama aikin mai jinya. Ana kuma ƙirga gutsattsarin soson da aka sa, a ƙirga wanda aka ciro, don kada wani ya maƙale.

Game da ɗora shi a kan ɗinki, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar yin haka a 2016 ga mikin da ake jin tsoron zai ruɓe, amma shawara ce mai sharaɗi. Wani babban gwaji da aka yi a Birtaniya a kan mutum sama da 1,500 masu karayar ƙafa, wanda aka buga a 2020, bai sami bambanci tsakaninsa da bandeji na yau da kullum ba ta fuskar ruɓewar ciki. Ashe likita ne zai duba ya ga wanda ya dace da shi.

Inda Na Yi Tuntuɓe

Yanzu sai batun da ya shafe mu kai tsaye. Ranar da za a sa injin, likita ya ce in gaya wa Baffa cewa zai tsotse ruwan wurin ya taimaka masa ya warke. Ni kuwa na ce, "Baffa, wannan injin zai zuƙe ciwon, ku warke." Ya gyaɗa kai ya ce Allah ya sa. Na ɗauka na isar da saƙo.

Bayan dashe ya kama, likita ya kawo maganar gashi. Baffa ya ce atafau ba inda za shi, gona na jiransa. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, ba kai ka ce mini injin zai zuƙe ciwon ba? Da idona na ga abin da ya fita, mazubi nawa aka zubar. Me kuma ya rage da za a gasa?"

Nan jikina ya yi sanyi. Kalmar ciwo a Hausa tana ɗauke da ma'ana aƙalla uku. Akwai ciwo na cuta, kamar ciwon suga. Akwai ciwo na raɗaɗi, kamar kaina na ciwo. Akwai kuma ciwo na rauni, kamar ya faɗi ya ji ciwo. Ni ta ukun nake nufi, Baffa kuwa ta farko ya ji, kuma yana da gaskiya, domin mutumin da aka ce yana da ciwon daji, idan ka ce masa za a zuƙe ciwon, wane ciwo zai kawo a ransa? Kwatancen ƙahon da na yi murna da shi ma ya ƙara ɗaure kuskuren, tunda a fahimtar mutanenmu ƙaho mataccen jini yake fitarwa, wato cutar kanta.

Sai da na zauna na warware masa da kalmomi daban-daban. Na ce, "Baffa, laifina ne, ban faɗa muku daidai ba. Abu biyu ne. Akwai ƙari, akwai miki. Ƙarin wuƙar likita ce ta cire shi. Mikin da wuƙar ta bari shi injin ya yi wa aiki. Gashin kuwa na irin da ido ba ya gani ne, wanda ka iya saura a cikin naman." Da yake manomi ne, sai ya ce, "Wato an tumɓuke ƙuduji, an cike ramin, amma ba a tabbatar irinsa bai zuba ba." Na ce haka ne. Ya yi shiru, sannan ya ce a sa ranar.

Wane Suna Za Mu Ba Shi?

Sunan wannan jinya a Turanci yana ɗauke da kalmar da mu a darasin nahawu muke fassarawa da korewa, kamar a korarriyar jimla. A takardar gwajin asibiti kalmar na nufin ba a sami cuta ba, a lissafi kuma tana nufin ƙasa da sifiri. Wanda ya bi kalma da kalma zai ce "korarren matsi", wanda ba Bahaushen da zai gane shi. Abin da ake nufi kawai shi ne iskar ciki ta gaza ta waje. Shawarata ita ce mu ce jinyar miki da zuƙa, na'urar kuma injin zuƙar miki. Na zaɓi miki a kan rauni saboda rauni na iya nufin rashin ƙarfi, na kuma guje wa gyambo saboda shi tsohon miki ne da ya ƙi warkewa. Ina fatan malamanmu da 'yan'uwa ɗalibai za su duba wannan suna su gyara.

Kammalawa

Baffa ya gama gashinsa ya koma gida da ƙafafunsa biyu, yana ɗan ɗingishi. Yana dawowa duk bayan 'yan watanni a duba cinyar a kuma ɗauki hoton ƙirji, saboda sakoma idan za ta yaɗu huhu ta fi nufa, kuma za a shekara da shekaru ana wannan bibiya. Har yanzu ni ne tafintansa, sai dai na sauya hali. Duk abin da na fassara masa, nakan ce ya maimaita mini da bakinsa yadda ya fahimta, sannan in mayar wa likita. Wanda duk aka kira shi irin wannan aiki a cikinmu, ina ba shi shawarar ya yi haka, ya kuma raba cuta da miki da raɗaɗi tun a jimlar farko. Wanda kuma ya ga kullutu a jikinsa ko na wani nasa yana girma, ya nufi asibiti, kada a kai shi ga ƙaho ko tsaga, idan kuma an cire a tabbatar an aika da shi gwaji. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.